Silimar Zane da Masu Yinta

Majigi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun zamanin Turawa ake kafa farin ƙyalle a dandali a haska wa jama'a hotuna. Amma akwai wata irin silima wadda ba a ɗaukar hoton mutum a cikinta, sai dai a yi zane ko a haɗa 'yan tsana. Akan zana hoto a ɗauka, a sake zana shi da ɗan bambanci a kuma ɗauka. In aka jera su aka haska da sauri, sai ido ya ga suna motsi. Fim yakan gudu da hoto 24 a daƙiƙa guda, amma mai zane yakan wadatu da 12, ya ɗauki kowanne sau biyu. Ke nan fim na minti biyar yakan ci zane 3,600. Wannan aiki ya fi bukatar haƙuri bisa ga jari, shi ya sa mutum guda yake iya yinsa ba da kamfani ba.

Misali mafi kusa shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Da kanikanci ya fara. Ya koyi aikin silima a Yamai tare da Jean Rouch, sa'an nan ya ƙaro ilmin zane mai motsi a Kanada wajen Norman McLaren. A 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara, watau habaici ga masu mulki ta bakin dabba, kamar yadda tatsuniya take yi. Daga baya ya zauna a Tawa. A fim ɗinsa Kokoa, dabbobi ne suke kokawa irin ta gargajiya.

Haka abin yake a Japan, duk da manyan kamfanonin zane da ke can. A 1960 Yoji Kuri da abokansa biyu suka kafa ƙungiya a Tokiyo don nuna gajerun finafinan da suka yi da kansu. A 2002 Koji Yamamura ya kammala Atama Yama, wanda ya ɗauko daga wani tsohon labarin ban dariya na mutanensa, na marowacin da itace ya tsiro masa a ka. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Annecy ta Faransa a 2003.

Abin lura shi ne, Alassane da Yamamura duka daga hikayar gida suka ɗebo. Yau wayar hannu tana iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, saboda haka uzurin rashin kayan aiki ya ragu ƙwarai. Yaron da ke 'Yankara ko Ƙanƙara ko Sabuwa yana da Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa. In ba a sami masu zana su ba, yara za su tashi da tatsuniyoyin wasu, nasu kuwa su bi tsofaffi.