Makomar Ƙananan Tashoshin Kiɗan Rok a Amurka

Tun daga shekarun 1980 aka sami waɗansu ƙananan tashoshin rediyo a Amurka waɗanda suka keɓe kansu ga wani reshe na kiɗan rok, wato na makaɗan da suka kauce wa kiɗan yayi. Masu sauraronsu ba su da yawa, amma akwai su da riƙon amana. Abin tambaya a nan shi ne, ko amanar nan tana iya ciyar da tasha?

Mu ɗauki misalin tashar WFNX ta birnin Boston, wadda aka kafa a 1983, ta dogara ga kuɗin talla. Shi kuwa mai talla yawan kunnuwa yake saye, ba ruwansa da zurfin ƙauna. Sa'an nan dokar sadarwa ta 1996 ta buɗe wa manyan kamfanoni ƙofar mallakar tashoshi barkatai, daga baya kuma intanet ta janye samari. A 2012 aka sayar da zangon tashar ga kamfanin Clear Channel.

Ita kuwa tashar KEXP ta birnin Siyatil ba riba take nema ba, gudummawar masu sauraro ce jigonta. A 2018 wata mai sauraronta ta bar mata wasiyyar kusan dala miliyan 10.

Ashe ke nan, irin waɗannan tashoshi sun fi ɗorewa a hannun masoyansu. Wadda ta dogara ga 'yan kasuwa kuwa, tilas ta kaɗa abin da suke so, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.