Me Ya Sa Allura Ba Ta Ci Kamar Dā?

'Yan'uwa manoma, wanda ya taɓa fesa wa wake magani rabi da rabi ya san abin da kan biyo baya. Raunanan ƙwari sukan mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa. Baɗi sai maganin ya zama kamar ruwa. Haka yake da ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya.

A shekara ta 1928 wani likita a Ingila, Alexander Fleming, ya gano penisilin. A 1945 shi da kansa ya yi gargaɗi cewa shan kaɗan zai sa ƙwayoyin su saba da shi. Maganarsa kuwa ta tabbata. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan ɗaya da dubu 270 suka mutu a duniya domin magani ya kasa, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar da ta tsira tana da wani abin gado a cikinta, watau dabarar lalata magani. Takan ba 'ya'yanta, har ma ta miƙa wa ƙwayoyin wani iri dabam, kamar yadda maƙwabci kan ba maƙwabci iri. Ɗaya daga cikin irin wannan gado, NDM-1, an gano shi a 2008 a jikin wani majinyaci da ya kwanta asibiti a Indiya. Yanzu ya kai ƙasashe da yawa.

Ƙwayar cuta ba ta san kan iyaka ba. Mu mutanen Dole Kaina da Bagudo muna cin kasuwa da mutanen Gaya da Malanville. Kafso ja-da-yalo da ake saye ɗai-ɗai a tire, a sha domin mura, a zuba wa kaji a ruwa, shi ke koya wa ƙwayoyin taurin kai. Ran da za a kai mai haihuwa ko mai miki asibiti a Birnin Kebbi, sai a tarar allura ta daina ci.

Saboda haka:
1. Kada a sha kafso sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Ba ya maganin mura.
2. A sha yadda aka faɗa, kada a raba da wani.
3. Dabba in ta yi ciwo, a nemi malamin dabbobi.
4. A wanke hannu da sabulu, musamman mai jinya.

Ku tattauna wannan a taron ƙungiyarku mai zuwa. Rigakafi ya fi magani.