Kujeru goma kacal: yadda ake cin sushi a manyan wuraren Tokyo

A ƙarƙashin wani gini da ke unguwar Ginza, a birnin Tokyo na Japan, akwai gidan abinci mai suna Sukiyabashi Jiro. Kujerunsa goma ne kacal. Nan ne Firaminista Shinzo Abe ya kai Barack Obama cin abincin dare a watan Afrilun 2014.

A irin waɗannan wurare, baƙo ba ya zaɓar abin da zai ci. Ana kiran tsarin omakase, wato "na bar maka zaɓi". Mai haɗa abincin na tsaye a gaban baƙon, ya dunƙula shinkafar da aka zuba wa binega, ya ɗora yankan kifi, galibi ɗanye, ya miƙa loma ɗaya-ɗaya. A Sukiyabashi Jiro, loma kusan 20 ce, cikin kamar minti 30.

Ana so a ci nan take, kafin shinkafar ta huce. Ci da hannu ba laifi ba ne, amma ba a son turare, don yana danne ƙamshin kifin.

A 2019 kuɗin mutum ɗaya ya kai yen 40,000, sama da jaka 200 ta CFA. A shekarar ce Michelin ta cire gidan daga littafinta, saboda gama-garin mutane ba sa iya kama gurbi.

Ga Musulmi kuwa, akwai abin lura: romon waken soya da ake shafa wa kifin, sau da yawa da giyar shinkafa a ciki. Gara a tambaya tun wajen neman gurbi.