Auna Ƙarfin Ganye: Gwajin Magungunan Gargajiya na Ƙasar Sin

Ganye iri ɗaya ba lalle ƙarfinsa ya zo ɗaya ba. Ƙasar da ya tsiro, lokacin da aka tsinke shi da yadda aka shanya shi duk suna sauya yawan sinadarin da ke warkarwa a cikinsa. Tazargade, wanda masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro sinadarin atemisinin daga cikinsa a 1972 don yaƙar zazzaɓin cizon sauro, shaida ne: a wani busasshen ganyen sinadarin kan haura kashi 1 cikin 100, a wani kuwa da ƙyar ake ganinsa. Mai ba da magani da tafin hannu ba shi da hanyar bambance su. Shi ya sa awo ya zama garkuwar maganin gargajiya.

Hanyar da aka fi bi ita ce HPLC. Ana daka ganye ko saiwa, a jiƙa a cikin metanol ko etanol, a tace, sannan a tura ruwan da matsi mai ƙarfi ta cikin wani siririn bututu da aka cika da garin silika. Kowane sinadari yakan fito a nasa lokacin, na'ura kuma ta zana masa tudu a jikin allon kwamfuta. Idan aka kwatanta girman tudun da na tsantsar sinadarin da aka san nauyinsa, sai a gane adadinsa. Kundin magunguna na ƙasar Sin, wanda aka fara bugawa a 1953, a yau ta wannan hanya yake ƙayyade yawan sinadarin jinsenosid a saiwar jinsen.

Wasu likitocin gargajiya na cewa haɗin saiwoyi goma ba ya aiki da sinadari ɗaya, don haka auna guda ɗaya tauye maganin ne. Suna da gaskiya, kuma dalilin ke nan ake duba zanen tuddan gaba ɗaya a matsayin shaidar asalin ganyen, a haɗa da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari don gano baƙon abu. Amma ƙin awo ba mafita ba ne. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, an musanya wata saiwa da ta wani tsiro mai guba, Aristolokiya, cikin maganin rage ƙiba, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda. Da an yi gwajin gano gubar aristolokik da ke cikin wannan tsiro tun kafin a sayar da maganin, da an iya hana wannan asara.