Gubar da Ke Kare Katako Daga Gara Ba Ta Tashi da Tashin Mai Shago

Duk wanda ya yi rufin kwano a Birnin Kudu ko Gwaram ya san gara ce babbar abokiyar gabar katako. Kakanninmu sun yi maganinta da azara, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Da giginya ta yi ƙaranci, katakon kudu ya shigo, sai kafintoci suka koma shafa wa katako magani kafin a ɗora shi. Wasu na sayen Solignum, wasu na dama baƙin mai da maganin ƙwari a rabin durom su tsoma katakon, su jingina shi a rana yana ɗiga a ƙasa. Aikin yana kare rufi, babu musu. Amma abin da ya ɗiga ɗin nan fa, ina yake zuwa?

Yana nan inda ya zuba. Baƙin mai na ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Gamalin 20 da aka daɗe ana haɗawa da shi, sinadarin lindan ne, wanda hukumar NAFDAC ta haramta, kuma a 2009 aka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta hana, domin yana shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. Falwayoyin katako na lantarki da katakon layin dogo kuwa, galibi da kiriyosot ake jiƙa su, wani baƙin ruwa mai warin kwalta da ake tatsowa daga gawayin kwal. Akwai kuma katako mai launin kore-kore, wanda aka ɗura wa haɗin arsenik da kuromiyom da tagulla. Arsenik ba ya ruɓewa sam, sai dai ya sauya wurin zama.

A birnin Pensacola na jihar Florida a Amurka, kamfanin Escambia ya yi shekara arba'in yana jiƙa falwayoyi da katako, daga 1942 zuwa 1982, yana zubar da ragowar magani a ramuka. Kamfanin ya karye, aka watsar da filin, unguwannin baƙar fata na kewaye da shi suka ci gaba da shaƙar ƙura. A 1991 hukumar kare muhallin ƙasar ta fara haƙe gurɓatacciyar ƙasar, ta tara ta tsibi guda ta lulluɓe da leda. Duk da haka a 1996 sai da aka yanke shawarar kwashe iyalai 358 daga gidajensu. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da injiniyoyi, amma ta gwammace ta ɗauke mutane daga wurin.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan, ko da gubar daban ce. A 2010 dalma daga dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun nuna cewa ba wa yaro magani aikin banza ne muddin zai koma rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole aka bi gida-gida a Dareta da Abare da sauran ƙauyuka, ana kankare saman ƙasar tsakar gida, a kai ta ramin da aka tanada a binne, a kawo tsaftatacciya a shimfiɗa. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka samu kuɗin yi masa. Shekara uku yara suna jira.

To wurin 'yan katako da aka tashi daga cikinsa ba zai kai Bagega ba, amma hanyar cutar ɗaya ce: ƙasa, hannu, baki. Gari na faɗaɗa, filin da jiya bakin gari ne yau an yanka shi fuloti. Wani zai saya ya haƙa rijiya daidai inda durom ya zauna, ko a mai da shi makarantar allo, yara su zauna dirshan a ƙasa su ci ɗumame da hannun da suka yi wasa da ƙura. Damina kuma ta kwashi abin da ke sama ta gangara da shi kududdufi da fadama, inda dabbobi ke sha kuma ake noman rani.

Haɗarin da ya fi kusa da kowa yana murhu. Itace ya yi tsada, don haka guntayen katakon rufi da tsohuwar falwaya da iska ta kayar ba sa kwana a titi. Wuta ba ta kashe arsenik. Wani kaso yana bin hayaƙi zuwa huhun mai girki da goyon da ke bayanta, sauran ya taru a toka, ya fi yadda yake a katakon ƙarfi. Mu kuwa toka ba shara ba ce a wurinmu. Ana tsiyaya ruwanta a sa a miya a madadin kanwa, masu daddawa na barbaɗa ta, ana wanke tukunya da ita, ana zuba ta a hatsi don ƙwari, a watsa a gona. Tokar katako mai magani ba ta da wata kama ta daban da ido zai gane. Mai tsire da mai gasa kifi da mai burodi su ma su kula, domin hayaƙin kan abinci yake sauka kai tsaye.

Saboda haka katakon da ya yi baƙi yana maiƙo, ko yake warin kwalta, ko yake da koren launi, kada ya shiga wuta, kada a yi wa awaki akurki ko kwamin abinci da shi. Duron da aka dama magani a ciki ba ya wankuwa, bai kamata ya koma ɗibar ruwa ba. Kafinta kuma ya shimfiɗa leda mai kauri ko ya yi daɓen siminti a inda yake shafa magani, ya sa safar roba, ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci ko goro.

Inda ƙasa ta riga ta yi baƙi tana ƙin tsiro, zuba mata yashi a sama ɓoye matsala ne kawai, kwashe ta a cike kwalbati ko a buga bulo da ita kuma raba gubar ne ga maƙwabta. A kewaye wurin da ƙaya ko zana, a hana yara da dabbobi shiga, a sanar da mai unguwa da dagaci su kai magana ga duba-gari na ƙaramar hukuma. Daga nan akwai hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, a Dutse, da ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, su ne ke da hurumin sa a auna ƙasa da ruwan rijiya. Wanda ya ga ƙuraje ko kaurin fata a tafin hannu da ƙafa da suka ƙi jin magani, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa da irin itacen da ake girki da shi a gidansa.