Me ya sa dalma ke sake hawa a jinin yaro bayan ya gama shan magani?

Idan kana Abare ko wani ƙauye na Anka da Bukkuyum, ba sai an tuna maka shekarar 2010 ba, lokacin da ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Amma akwai abin da ke ɗaure wa iyaye kai: yaro ya sha magani, awon jini ya yi kyau, bayan 'yan makonni kuma a ce dalmar ta ƙaru.

Dalma ba yawo kawai take yi a jini ba. Tana manne wa furotin na jiki, musamman inda akwai sinadarin farar wuta, ta ture tutiyar da ya kamata ta zauna a wurin. Haka take hana jiki haɗa jini. Maganin DMSA, wanda likitocin MSF suka yi amfani da shi a Zamfara, yana da hannu biyu na farar wuta da yake kama dalma da su, ya fitar da ita ta fitsari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji a maganin daga nan yake, ba lalacewa ya yi ba.

Ana iya auna ƙarfin riƙo tsakanin ƙwayoyin sinadari biyu tak. A 1994 masu bincike a Jamus suka maƙala ƙwaya ɗaya a bakin wata allura mai matuƙar ƙanƙanta, suka haɗa ta da abokiyarta, suka ja har suka rabu. Daga baya aka auna riƙon ƙarfe da farar wuta a cikin furotin ta wannan hanya. Abin da irin wannan awo ya nuna shi ne, ƙarfin riƙo ya danganta da lokaci: in an fizga da sauri yana turjewa, in an ba shi lokaci yana iya saki da kansa.

Tsakanin dalma da jiki ma, kamawa da saki ake yi. Magani yana kwashe ta jini da wadda ke kusa, shi ya sa ake shan sa kusan mako uku. Wadda ta shige ƙashi kuwa shekaru take yi tana fitowa kaɗan-kaɗan. Da an tsayar da magani, sai wadda ta rage a jiki ta sake gangarowa cikin jini. Wannan ba ya nufin maganin bai yi aiki ba.

Don haka ka tabbatar yaro ya shanye maganin, ka mai da shi awon jini ranar da aka sa muku ko da yana wasansa lafiya. Kada ka ba wani yaro ragowar ba tare da awo ba. Kuma muddin ana niƙa dutse a tsakar gida, ko maigida na shigowa da kayan aikinsa masu ƙura, sabuwar dalma ce ke shiga, magani ba zai iya da ita ba. In yaro ya fara jijjiga, amai ba tsayawa, ko barcin da ke wuyar tashi, a kai shi asibiti nan take.