Duhun Fim da Arhar Faifai: Ingancin Hoto da Sauti a Kasuwar Bidiyo

A unguwar Durumi da ke daura da Garki a Abuja, kamar a sauran unguwannin masu ƙaramin ƙarfi na ƙasar nan, fim kaya ne na masarufi da ake saye a ƙananan shaguna. A da kaset ake ɗauka haya, daga baya aka koma faifai, yanzu kuwa akasari turawa ake yi a wayar hannu. Abin da bai canza ba shi ne mai saye ba ya sanin ingancin abin da ya biya wa kuɗi sai ya isa gida.

Babu irin fim ɗin da ke fallasa wannan matsala kamar fim ɗin faɗa na mayu masu shan jini. Misali shi ne Blade, wanda kamfanin New Line Cinema na Amurka ya fitar a shekarar 1998, Wesley Snipes ya fito a matsayin jarumi. An kashe kimanin dalar Amurka miliyan 45 wajen shirya shi, ya kuma samar da kusan dala miliyan 131 a gidajen silima na duniya. Tun da mayun labarin ba su jure hasken rana, yawancin fim ɗin cikin dare da ɗakuna masu duhu yake gudana, ga kuma faɗa mai sauri. Duhu da saurin motsi su ne abubuwan da suka fi lalacewa idan aka matse fim don ya shiga ƙaramin wuri: baƙi yakan koma dabbare-dabbare, fuskoki su narke, har mai kallo ya kasa gane wanda ya kai sara.

Alƙaluma sun nuna girman tazarar. Faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, yana nuna hoto mai ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye a tsarin PAL da Nijeriya ke amfani da shi, kuma minti 74 kawai yake ɗauka, shi ya sa fim mai sa'a biyu kamar Blade ke zuwa a faifai biyu. Faifan DVD, da ya shiga kasuwar Japan a 1996, yana da ɗigo 720 da 576, wato ninki huɗu na VCD. Blu-ray na 2006 ya ninka VCD sau 20, yayin da bugun 4K da aka yi wa Blade a 2020 ya ninka shi fiye da sau 80.

Sai dai faifan da ya mamaye kasuwannin Nijeriya a shekarun 2000 ba DVD na asali ba ne. Masu satar fasaha sun riƙa cusa finafinai takwas ko fiye a faifai guda mai ɗaukar gigabayit 4.7, wanda kamfanin asali ke ware wa fim ɗaya. Idan aka raba wannan wuri gida takwas, kowane fim bai kai megabayit 600 ba, wato kusan rabin abin da yake samu a faifan VCD biyu. Ke nan mai saye ya biya kuɗin sabuwar fasaha, ya koma gida da hoton da bai kai na tsohuwar ba.

Haka lamarin yake a fannin sauti. DVD na asali yana ɗauke da tsarin Dolby mai hanyoyin sauti shida, inda maganar 'yan wasa ke da hanyarta daban da kiɗa da ƙarar bindiga. Idan aka dunƙule su wuri guda don rage nauyi, sai kiɗa ya danne magana. Kwafen da aka ɗauka da kyamara a cikin silima ya fi muni, domin har tarin 'yan kallo ake ji. Bugu da ƙari, a finafinan ƙetare da ake fassarawa zuwa Hausa, sana'ar da ta bunƙasa a Kano a shekarun 2010, akan rage sautin asali don muryar mai fassara ta fito.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin irin wannan kasuwa. A 1970 George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayanin cewa idan mai saye ba ya iya bambance kaya mai kyau da maras kyau kafin ciniki, ba zai yarda ya biya farashi mai tsada ba, daga nan sai masu kaya mai kyau su janye. Da yake kwalin jabu da na asali kusan kamanninsu ɗaya, farashi kaɗai mai saye ke dubawa, kuma wanda bai biya haƙƙin mallaka ba koyaushe zai fi arha.

Asarar ba ta tsaya kan kamfanonin Amurka ba. Masana'antar finafinan gida, wadda ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 da Living in Bondage a Legas a 1992, a kan sayar da kaset da faifai ta dogara, ta hannun dillalan kasuwar Ƙofar Wambai da na Idumota. Mai shirya fim da ke sayar da fim ɗaya a faifai ba zai iya gogayya da mai sayar da takwas ba. Da turawa a waya ta zo, cinikin faifai ya durƙushe, masu shirya finafinan Hausa da dama suka koma ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014.

A ɓangaren hukuma, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a 1993, Jihar Kano ta kafa tata a 2001. Sai dai aikin tacewa ya fi karkata ga abin da fim ya ƙunsa da shekarun masu kallo. Yaƙi da satar fasaha yana hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta ƙara wa iko kan abin da ake yaɗawa ta intanet.

Tura fim daga kwamfuta zuwa waya ba ya rage ingancinsa, saɓanin kaset da ke dusashewa da kowane kwafe. Lalacewar tana faruwa ne tun lokacin da aka matse shi don tsimin wuri da kuɗin data. Saboda haka mai saye a Durumi yana da abin dubawa da bai samu ba a zamanin faifai: girman fim ɗin a rubuce yake a fuskar waya, kuma yana iya neman a nuna masa wurin da ya fi duhu kafin ya biya.